Maganin kansar da na so a ɗura wa Yayata

Jiya da daddare na sake kama kaina ina yin abinda na rantse na daina. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi, waya a hannu, ido ya yi jawur, ina karanta rahoton wani gwajin magani da aka yi a Norwe, zuciya sai bugawa take kamar wanda aka ce masa an ga ɗansa da ya ɓata. Sai da na kai ƙarshe na tuna cewa ai na taɓa shiga irin wannan halin sak, likitocin ma su ɗin ne dai, garin ma shi ne, kuma na san yadda ta ƙare. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ko na samu kaina ya huce.

Yayata tana fama da ciwon da likitoci ke kira ME/CFS tun 2012. Mu a gida ciwon gajiya muke cewa, duk da wallahi sunan nan yana ba ni haushi, dan da zarar ka ce gajiya sai mutum ya ce ai nima a gajiye nake, ta samu ta huta mana. Ba wannan gajiyar ba ce. Zazzaɓi ta yi, irin wanda kowa ke yi ya tashi bayan sati ɗaya, ita dai ba ta tashi ba har yau. Abinda ya fi komai muni a ciwon shi ne yadda jiki ke ramawa. Yau ta ɗan ji dama-dama ta yi wanka ta taje kanta, ta zauna an yi hira na rabin awa ana dariya, kowa ya ce alhamdulillah sauƙi ya samu, to jibi sai ka same ta a kwance kamar an zare mata laka, ba ta son haske, ba ta son motsi, ko ƙarar cokali a kofi sai ta runtse ido. Biyan bashin ba a take yake zuwa ba, sai bayan awa 12 zuwa 48, shi ya sa wanda ya zo dubiya ya tafi ba ya taɓa ganinsa. Barci ba ya wartsakar da ita. In ta tsaya tsaye na mintuna zuciya ta hau gudu kai ya hau juyawa. Akwai ranar da ta tsaya a tsakiyar magana tana laluben kalmar "tawul", ta kasa, sai ta nuna min da yatsa hawaye na zuba. Matar da a da ita ce ke koya min lissafi fa.

Kuma ba sabon ciwo ba ne. Tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin cututtukan jijiya da ƙwaƙwalwa. A 2015 wani babban kwamitin masana a Amurka ya ƙiyasta cewa a ƙasar kaɗai mutum 836,000 zuwa miliyan 2.5 ne ke da shi, mata sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa iya fita daga gida ko ma sauka daga gado. Duk da haka har yau babu wani gwajin jini da za a yi a ce ga shi nan, babu kuma maganin da aka amince yana warkar da shi. Sai dai lallaɓa jiki, kar ka wuce iyakar ƙarfinka, shikenan.

To kun san an ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Takobin da ni na kama sunansa rituximab.

Labarin yadda aka faro shi ne ya fara tafiya da ni, dan gaskiya labari ne mai daɗin ji. A asibitin jami'a na Haukeland da ke birnin Bergen na Norwe akwai likitocin kansa guda biyu, Oystein Fluge da Olav Mella, waɗanda babu abinda ya haɗa su da ciwon gajiya. A 2004 suna yi wa wata mata maganin kansar Hodgkin, ita kuma dama ta yi shekaru tana fama da ME, sai aka ga bayan an ɗura mata kemo ciwon gajiyar ya ɗaga, matar da da kyar take motsi ta koma tana tafiya da ƙafarta, aka yi watanni a haka kafin ciwon ya dawo. Wani likitan da sai ya ce ikon Allah ya wuce wurin. Su sai suka tsaya suka ce anya, me kemo ya taɓa a jikinta? Suka yi zargin ƙwayoyin B ne, wato wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ke cikin garkuwar jiki, waɗanda su ne tushen antibodi, sojojin da ke bin ƙwayar cuta suna manne mata. Wani lokacin sojojin nan sukan rikice su juya kan mai gidan, kamar yadda ake gani a wasu cututtukan sanyin gaɓɓai. In haka ne ke faruwa a ME, to a kwashe ƙwayoyin B ɗin a gani mana.

Kuma dama akwai maganin da aikinsa kenan. Rituximab tun 1997 ake amfani da shi wajen kansar limfoma, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa ciwon gaɓɓai na rumatoyid. Shi kansa antibodi ne da aka ƙera a ɗakin bincike, yana neman wata alama da ke jikin ƙwayoyin B mai suna CD20, ya manne, sai garkuwar jiki ta zo ta share su. Ta ƙarin ruwa ake ba da shi, a hankali, ana zaune ana lura da mutum awanni. Bayan haka sai a yi watanni jini babu ƙwayoyin B sai ɗan abinda ba a rasa ba kafin su fara tsirowa.

Suka gwada a mutum 3, duk ukun suka ji sauƙi, aka buga a 2009. Sai a 2011 suka fitar da wanda ya girgiza duniyar masu ciwon: mutum 30, rabi aka ba su maganin rabi aka ba su ruwan gishiri, babu wanda ya san me aka ɗura masa har da likitan da ke dubawa. A cikin 15 da suka samu maganin, 10 suka samu sauƙi. A ɓangaren ruwan gishiri 2 kacal. A 2015 wani gwajin ya biyo baya, mutum 29, wannan karon kowa ya san maganin gaske yake karɓa kuma aka ƙara yawan zuwa, 18 suka ce sun samu sauƙi. Har wata likita 'yar ƙasar mai suna Maria Gjerpe, wadda ita kanta mai ciwon ce kuma ta samu sauƙi bayan ta karɓi maganin, ta buɗe asusun neman taimako a intanet a 2013 ta tara kusan kurona (kuɗin Norwe) miliyan 3 cikin wata uku dan a yi babban gwaji. Ka ce min wa zai karanta wannan yana da 'yar'uwa a kwance a ɗaki mai duhu bai rikice ba?

Ni kam na rikice. A 2016 na zama wani irin mutum da ni kaina yanzu in na tuna shi nake jin kunya. Na buga takardun nan duka na sa a fayil, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin duk lambar da ta min daɗi. Na gano akwai wasu asibitocin kuɗi a Norwe da Amurka da ke ba masu ME maganin ba tare da jiran sakamakon babban gwaji ba, in dai kana da abin biya. Na fara lissafin abinda za a sayar. Na dami Umma, na dami mijin Yaya, duk wanda ya ce a dakata sai in ga kamar bai damu da ita ba ne.

Akwai layi ɗaya a takardar 2011 ɗin da ban ja masa jan biro ba, kuma na gan shi sarai. Ma'aunin da masu binciken suka ɗaura wa kansu tun kafin a fara, wato bambanci tsakanin ɓangarorin biyu a wata na uku, bai fito ba. Sauƙin daga baya ya zo, wasu sai bayan wata shida ko bakwai. Su da kansu sun rubuta hakan ba su ɓoye ba, kuma suna da bayani mai ma'ana, wai ai ko an kashe ƙwayoyin B tsofaffin antibodin da ke yawo a jini sai sun ɗau lokaci kafin su ƙare. Bayanin ya zauna min daram a kai, na karɓe shi hannu bibbiyu, ban tsaya na tambayi kaina ko mutum 30 sun isa a gina gida a kansu ba.

Likitan da ke duba Yaya a lokacin, na kai masa fayil ɗin nan ina ta zuba kamar rediyo. Ya bar ni na gama tas, ya cire tabarau ya goge, sannan ya ce, "Malam, an taɓa yi mata gwajin ciwon hanta nau'in B?" Na ce me ya haɗa hanta da wannan magana, Likita? Ya ce to ka ga inda matsalar take. Ya yi min bayani a nutse cewa in mutum na ɗauke da ƙwayar cutar hantar a ɓoye, ko da ta kwanta shekara da shekaru, rituximab na iya tada ta ta cinye hantar. Ya ce akwai wata cutar ƙwaƙwalwa da ake kira PML, ba kasafai take faruwa ba amma in ta faru galibi ba a tashi lafiya. Ya ce wasu jikinsu yakan yi bore tun ana cikin ƙarin ruwan, numfashi ya sarƙe, hawan jini ya faɗi. Sannan ga watannin da za ta yi garkuwarta a raunane, rigakafi ma in an yi mata ba zai kama sosai ba. Ya ce mai kansa yana karɓar duk wannan kasadar ne saboda an tabbatar maganin na aiki a kansa kuma abinda ke ɗaya gefen mutuwa ce, ita kuma fa, me aka tabbatar? Na fito daga ofishin nan ina huci, a raina ina cewa wannan matsoraci ne kawai. Allah Ya yafe min.

Amma ba shi ne ya tsayar da ni ba, ita ce. Na shiga ɗakinta da yamma, labule a sake kamar kullum, na zauna a ƙasa gefen gado ina mata magana ƙasa-ƙasa, ina cewa Yaya kashi biyu cikin uku fa, kashi biyu cikin uku. Ta daɗe ba ta ce komai ba har na zaci barci ya ɗauke ta. Can sai ta ce, "Auta, ba ka ce suna kan yin babban gwajin ba?" Na ce eh. Ta ce, "To ka bari su gama. Jikin nan guda ɗaya gare ni, kuma ɗan abinda ya rage a cikinsa ni na san yadda nake tattalinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi." Ta juya ta fuskanci bango. Na yi kwana uku ban shiga ɗakin ba dan fushi, ka ji fa, ina fushi da mara lafiya saboda ta ƙi yarda a gwada abu a jikinta.

Babban gwajin shi ne RituxME. Mutum 151, asibitoci biyar a Norwe, 77 suka samu rituximab, 74 ruwan bogi, ƙarin ruwa biyu a farko da tazarar sati biyu sannan a wata na 3, na 6, na 9 da na 12, aka bi su har shekara biyu. A Nuwamban 2017 Mella da bakinsa ya sanar cewa abin bai yi ba, tun kafin a buga takardar, kuma dalilinsu na yin gaggawar faɗa shi ne kar mutane su ci gaba da zuba kuɗi suna karɓar maganin a waje. A 2019 cikakken sakamakon ya fito. Waɗanda suka samu sauƙi a ɓangaren rituximab kashi 26 cikin 100. A ɓangaren ruwan bogi kashi 35. Na karanta lambobin nan ya fi sau biyar ina zaton na juya su ne. Kuma matsaloli masu tsanani da suka kai ga kwanciya asibiti da makamantansu sun fi yawa a ɓangaren masu maganin gasken.

Ba zan iya kwatanta muku yadda na ji ba. Kamar an yi min rasuwa, a lokaci guda kuma gwiwata na rawa in na tuna saura ƙiris.

Abu biyu suka tsaya min a rai tun daga lokacin. Na farko mutanen nan biyu, Fluge da Mella, girmansu ƙaruwa ya yi a idona. Shekara goma sha wani abu suna bin ra'ayi ɗaya, sunansu ya ɗaure da shi, marasa lafiya a duniya suna musu kallon masu ceto, amma su da hannunsu suka tsara gwajin da zai iya rusa komai, ya rusa ɗin, suka fito suka faɗa ba kwana-kwana. Ba kowa ke iya wannan ba wallahi.

Na biyun shi ne kashi 35 ɗin nan, wanda ya zama makami a hannun masu cewa dama ciwon a kai yake. Wani ɗan'uwanmu har da turo min saƙo wai ka gani ko, ruwan gishiri ma ya warkar da su. Haba. Na farko dai ba warkewa aka ce ba, sauƙi aka ce, kuma mutum ne ke cike takarda da kansa yana faɗin yadda yake ji. Ciwon nan hawa da sauka yake, duk wanda ya zauna da mai shi ya sani, akwai watannin da Yaya ke iya zama a falo akwai watannin da ko buroshi sai an miƙa mata a gado, ba tare da an canja komai ba. Mutum kuma yawanci sai abin ya kai masa karo yake neman shiga gwaji, to daga ƙasan rami ina za a je in ba sama ba? Ka ƙara da shekara biyu cur ana bibiyarka, karon farko a rayuwarka likita na sauraronka bai ce ka je ka motsa jiki ba, ga fata ya cika maka ciki. Dole wasu su rubuta cewa sun ji dama. Ko a gwajin maganin asma ana samun masu cewa numfashinsu ya buɗe bayan an ba su na bogi, ba wanda ya ce asma ƙarya ce. Abinda kashi 35 ɗin ya koya min ni dai shi ne da a ce mun kai Yaya an ɗura mata, sannan watan sauƙinta ya zagayo da kansa, da na rantse da Allah maganin ne, da na shiga intanet ina shela, da wani ya sayar da abinda ya mallaka saboda maganata.

Bayan nan ba su bar layin ba. Sun gwada cyclophosphamide, wani tsohon maganin kemo mai danne garkuwar jiki gaba ɗaya, mutum 40, ƙarin ruwa shida, 22 suka samu sauƙi, aka buga a 2020. Amma babu ɓangaren ruwan bogi, kuma maganin nan ba wasa ba ne, tashin zuciya, yana taɓa mafitsara, yana iya hana haihuwa, su kansu masu binciken cewa suka yi kar a yi amfani da shi a wajen gwaji. Wannan ko a jikina, na karanta na wuce. A Jamus ma akwai Carmen Scheibenbogen a asibitin Charité na Balin da ta daɗe tana bin sawun wasu antibodi da ke manne wa jijiyoyin da ke sarrafa bugun zuciya da buɗewar hanyoyin jini, har suna gwada tace su daga jini da inji. Korona kuma da ta zo ta bar ɗimbin mutane da irin wannan ciwon, sai ga kuɗin bincike da hankalin duniya sun ɗan karkato, abinda masu ME suka yi shekaru suna roƙo. A 2021 ma hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, ta cire shawarar nan ta a riƙa ƙara wa mai ciwon motsa jiki mataki-mataki, shawarar da ta kwantar da Yaya wata biyu a farkon ciwonta, amma wannan labarin wata rana ne.

To yanzu ga abinda ya hana ni barci jiya. Daratumumab. Shi ma maganin kansa ne, na kansar ɓargo da ake kira mayeloma. Tunaninsu a yanzu shi ne wataƙila ba ra'ayin ne ya kuskure ba, saiti ne. Ƙwayoyin B in sun girma sukan rikiɗe su zama ƙwayoyin fulasma, su ne ainihin masana'antar antibodi, wasunsu suna shige wa ɓargo su zauna shekaru suna aiki, kuma a wannan matakin sun riga sun zubar da alamar CD20 ɗin, wato rituximab wucewa yake ta gabansu bai gan su ba. Shi daratumumab wata alamar yake bi, CD38, wadda ke jikinsu da yawa. Aka gwada a mata 10, allura ce a ƙarƙashin fata, 6 suka samu sauƙi sosai, kuma har da agogon ƙirga taku a hannu ba cike takarda kaɗai ba. Waɗanda bai yi wa aiki ba an lura ƙwayoyin NK ɗinsu, wani rukunin fararen ƙwayoyin jini na garkuwar jiki, sun yi ƙasa tun kafin a fara. A 2025 aka buga, kuma sun shiga gwaji na gaba mai ɓangaren bogi da mutum 66.

Kun ga yadda bayanin ya zauna daram ko? Har ya bayyana dalilin faɗuwar na farkon. Haka na 2011 ma ya zauna min. Ina so ya zama gaskiya, Allah Ya sani ina so, kuma ba na ganin wauta ce a ce garkuwar jiki na da hannu a ciwon da ya fara daga zazzaɓi. Amma mutum 10 ne, kuma kowacce ta san abinda aka yi mata.

Da safen nan na kasa haƙuri na je. Yanzu tana ɗan iya zama a jingine da filo uku, ranar mai kyau har ta saurari karatu na minti ashirin. Na gaishe ta, na zauna a wurin zamana na ƙasa, na yi ta kewaye-kewaye, ita kuma ta san ni kamar yunwar cikinta.

Ta ce, "Auta, faɗi. Mutanen Bergen ne kuma?"

Na ce su ne, Yaya.

"Mutum nawa?"

Na ce goma.

"Da ruwan gishiri?"

Na ce wannan babu, amma suna kan yin mai shi.

Ta ɗan yi murmushi ido a rufe, ta ce to madalla, Allah Ya ba su sa'a, in sun gama ka zo ka karanta min har layin da ba ka so. Sannan ta ce in gyara mata labulen ta gefen hagu, rana na shigowa.